Haƙƙin wanda bai iso ba

A ƙasar Guna, cikin gundumar Miriya, kudu da birnin Damagaram, shekara tana da lokutan guba huɗu, kamar yadda take a sauran ƙasashen noma na wannan yanki. Na farko da damina ne, sa'ad da wake ya fara fure, manomi ya goya famfon feshi ya shiga gona. Na biyu da kaka, sa'ad da aka cashe waken za a zuba buhu, ana tsoron ƙwaro ya mai da shi gari. Na uku da rani, a garake, kan kabeji da tumatir. Na huɗu kuwa ba shi da wata: shi ne duk daren da sauro ya hana barci, aka yayyafa fiya-fiya a lungun ɗaki aka ja ƙofa.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta akwai mace a kusa, ko da ba ita ke riƙe da famfon ba. Ita ke kai fura gona ta tarar ganye bai bushe ba, ita ke wanke rigar da aka yi feshi da ita, ita ke tsince waken da aka barbaɗa wa magani, ita kuma ke kwana a ɗakin da aka turare. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7 a matsakaici. Ko da yake adadin ya ɗan ragu daga baya, har yanzu mafi yawan ƙuruciyar macen ƙauye tsakanin ciki da goyo take ƙarewa. Ke nan sau da yawa wadda ta shaƙi warin nan ba ita kaɗai ba ce. Daga nan tambaya ta taso: mene ne haƙƙin wanda bai iso duniya ba a kan waɗanda suka riga shi, kuma a wuyan wa wannan haƙƙi yake?

Abin da aka sani

An daɗe likitoci suna ɗaukar mabiyiya tamkar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita, wai tana tsare duk wani mugun abu da ke cikin jinin uwa kada ya kai ga ɗa. Masifu biyu suka rushe wannan zato. A 1957 aka fara sayar da ƙwayar talidomid a Jamus ta Yamma, ana ba masu ciki don tashin zuciya da rashin barci. Kafin a janye ta a 1961, an haifi yara kimanin 10 000 a ƙasashe da dama da guntayen hannuwa ko ƙafafu. A garin Minamata na Japan kuma, inda aka gano cutar a 1956, wani kamfani ne yake zubar da ruwa mai zaiba a teku, kifi ya sha, mutane suka ci kifi. Abin da ya fi girgiza likitoci shi ne ganin uwa lafiya lau a ido, amma ta haifi ɗa da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Gubar da jikin babba ya jure ita ce ta taru a jikin ɗan tayi.

Magungunan gona ma suna da nasu labari. A gundumar Kasaragod ta jahar Kerala, a Indiya, an shafe fiye da shekara 20 ana feshin endosulfan da jirgin sama a gonakin kashu. Yawan yara masu nakasa da aka gani a ƙauyukan wurin yana cikin dalilan da suka sa kotun ƙolin Indiya ta hana maganin a 2011, shekarar da yarjejeniyar Sitokholm ta sa shi cikin jerin abubuwan da za a kawar daga duniya. A Faransa, cibiyar binciken lafiya ta INSERM ta tattara sakamakon bincike masu yawa a 2013, ta ga haɗarin ɓarin ciki da na tawayar halitta yana ƙaruwa ga matan da aikinsu ya haɗa su da maganin ƙwari suna da ciki. Da ta sake bitar lamarin a 2021, sai ta ce akwai zato mai ƙarfi cewa magungunan dangin organofosfat suna taɓa fahimtar yaro da motsin gaɓoɓinsa, in uwarsa ta sha fama da su tana ɗauke da shi.

Fiya-fiya daga wannan dangi take, domin babban abin da ke cikinta shi ne DDVP, wanda kuma shi ne ke cikin Sniper. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015. Turai ta kare bakin ƴaƴanta ke nan. Irin wannan wake kuwa shi ake dafawa a gidajen Kano da Damagaram, inda ba kasafai ake auna shi ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni. A ɓangaren Nijar, Kwamitin Sahel na magungunan ƙwari, wanda ke ƙarƙashin CILSS, shi ke da ikon amincewa da magani ko ƙinsa, ya kuma hana endosulfan tun 2007. Amma binciken da ƙungiyar zaurukan noma ta RECA ta yi a kasuwannin ƙasar ya sha nuna galibin abin da ake sayarwa bai bi ta hannun kwamitin ba, ta iyaka ya shigo.

Guba ba a gona kaɗai take ba. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta, yara fiye da 400 suka mutu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake daka shi a tsakar gida. Dalma tana kwanciya cikin ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki sai ta fito ta bi jini ta kai ga ɗa. Irin wannan dalma ana samun ta a wasu nau'o'in kwalli, zaiba kuma ana samun ta a wasu mayuka da sabulan sa hasken fata.

Sai dai gaskiya tana da ɗaya gefen, kuma ɓoye shi ha'inci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 240 000 ke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda tawayar halitta, amma kusan rabin irin wannan tawaya ba a san musabbabinta ba. A cikin sanannun dalilai akwai gado, da auren zumunci na kusa, da ƙarancin sinadarin folik ko na aidin a abincin uwa, da ciwon suga, da cutar rubela. Don haka babu likitan da zai ɗauki jariri ɗaya ya rantse cewa kwalba kaza ce ta yi masa haka. Ilimi yana magana ne a kan ƙaruwar haɗari a cikin dubbai.

Kwanakin da ba a faɗa

Wurin da lamarin ya fi tsanani shi ne lokaci. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa ne kafin kwana 28 da shigar ciki. Zuciya tana fara bugawa a mako na huɗu. Leɓe da dasashi da ganɗa suna haɗewa kafin cikar wata uku. Wato ana ginin mutum ne a lokacin da ita kanta uwar ba ta tabbatar da ɓatan wata ba, in kuma ta tabbatar, al'ada ta koya mata yin shiru. Mai cikin fari tana jin kunyar surukai, wadda ta saba tana tsoron baki da kambun ido. Tun 2006 gwamnati ta mai da awon ciki kyauta, amma mata da yawa sai ciki ya fito suke zuwa likita, bayan an gama ginin da ake tsoron a taɓa.

Bahaushe bai taɓa sakaci da mai ciki ba. Ya hana ta fita da rana tsaka ko da almuru, ya hana ta wasu abinci, ya tanadi itacen wankan jego tun kafin ta sauka. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar nan ya ba ta damar aje azumi in ta ji wa ɗanta tsoro, ya kuma dakatar da rabon gado har a ga abin da ta haifa. Ke nan al'umma ta riga ta yarda cewa wanda ke cikin ciki yana da haƙƙi tun kafin a raɗa masa suna. Abin da ya faru shi ne, an gina wannan kariya don haɗuran da kakanni suka sani, ta kuma fara aiki ne sa'ad da ciki ya bayyana. Sabon haɗarin da ya zo cikin kwalba yana yin ɓarnarsa kafin nan.

Saboda haka shawarar nan da ake yawan bayarwa, wai mai ciki ta guji maganin ƙwari, ko da yake gaskiya ce, a makare take isowa. Kariyar da za ta yi amfani ita ce wadda ta shafi duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, ko an san tana da ciki ko ba a sani ba. Irin wannan kariya kuwa ta fi ƙarfin mace ita kaɗai, domin tsari ne na gida gaba ɗaya: inda ake aje kwalba, da wanda ke wanke kayan feshi, da abin da ake zuba wa wake.

Tsuntsun da ya ja ruwa

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan magana karin bai yi daidai ba, domin wanda ruwan ke doka bai ja komi ba, wadda ake tuhuma kuma ita ce mafi ƙarancin iko. In aka haifi jariri da tsagaggen leɓe ko buɗaɗɗen ƙashin baya, idanu kan uwa suke komawa: me ta ci, ina ta bi, wa ta yi wa dariya? Ba a cika tambayar wanda ya sayo kwalbar ba, balle wanda ya ɗura maganin cikin gorar ruwa marar takarda ya jera a tebur ranar kasuwa, balle babban ɗan kasuwar da ya ƙetaro da shi iyaka ya san an hana shi.

Ma'aunin da hankali ke karɓa shi ne, alhakin mutum gwargwadon saninsa ne da ikonsa. In aka bi wannan ma'auni, jerin sai ya juye. Kamfanin da ya san abin da ya haɗa shi ne a sama. Akwai kamfanonin Turai da suka ci gaba da sarrafa magungunan da aka hana a ƙasashensu don sayarwa a waje, ko da yake Faransa ta kafa doka a 2018 da ta hana haka a ƙasarta daga 2022. Bayan kamfani sai hukumar da ke da dokar kare tsirrai ta 2015 a hannu, wadda aikinta ne ta ga dokar ta sauka daga takarda zuwa kasuwa. Sai ɗan kasuwa, sai maigidan da ke fitar da kuɗi ya yi zaɓi. Uwa ce a ƙarshe.

Amma adalci ya wajabta a saurari manomi. Wanda ya ga farin 2004 da yunwar 2005 da ta addabi jahohin Damagaram da Maraɗi ba zai ɗauki ƙwaro abin wasa ba. Buhun waken da aka aje ba kariya yana iya lalacewa cikin ƴan watanni, alhali shi ne kuɗin magani da tufafin salla. Macen da ta yayyafa fiya-fiya ita ma tana da hujja, domin zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki yana kawo ƙarancin jini, da haihuwar ɗa marar nauyi, wani lokaci har da mutuwar ɗa a ciki. Wanda ya ƙoshi ne kaɗai zai ce da waɗannan mutane su daina kawai, ya juya ya tafi.

Uzurin talauci yana da ƙarfi matuƙar babu wata hanya, yana kuma raguwa sa'ad da hanya ta samu. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, ana kuma ƙera shi a Kano: leda biyu masu kauri a ciki suna hana iska shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Gidan sauro mai magani, wanda ake raba wa masu ciki a wurin awo, ya fi turaren fiya-fiya tsaro nesa ba kusa ba. Ruwan ƴaƴan dogon yaro yana korar ƙwari da dama a garka. Maigidan da ya san buhun nan, yana da kuɗinsa, amma ya zaɓi ya zuba Sniper cikin wake don ya fi araha, ya fita daga sahun waɗanda lalura ta tilasta.

Tsakanin zato da tabbas

Mai musu zai ce: tunda ba a tabbatar ba, don me za a ɗora wa mutane nauyi? Amsar ita ce, akwai hukunci iri biyu da bai kamata a gwama su ba. Hukuncin ɗora laifi yana duban baya, kuma dole sai da shaida. Shi ya sa zalunci ne a nuna wani uba a ce shi ya nakasa ɗansa. Hukuncin kiyayewa kuwa gaba yake dubawa, kuma zato mai tushe ya ishe shi. In aka ji wari a rijiya, ba wanda ke jira sai wani ya kwanta kafin a daina sha. Abin da ake aunawa shi ne girman asara ta kowane ɓangare. In aka fitar da kwalba daga ɗakin kwana, daga baya ya bayyana ba ta da illa, an yi asarar ƴan taku zuwa bayan gida. In aka bar ta ya bayyana tana da illa, wani ne zai biya da rayuwarsa duka, ba kuma a shawarce shi ba.

Masanin falsafa Bajamushe Hans Jonas, a littafinsa na 1979 kan alhaki, ya ɗauki jariri a matsayin asalin misalin duk wani nauyi da ke kan ɗan Adam, domin rauninsa kaɗai ya isa ya wajabta kula da shi, ba tare da ya roƙa ko ya biya ba. Ya kuma yi nuni da cewa in ƙarfin fasaha ya wuce sanin sakamakonta, to a ba hasashen sharri fifiko a kan hasashen alheri. Irin wannan tunani ne ke cikin sanarwar Riyo ta 1992, inda ƙasashe suka amince cewa rashin cikakken tabbacin kimiyya ba hujja ba ce ta jinkirta kariya daga ɓarnar da ba ta gyaruwa. A 2020 Faransa ta kafa asusun da ke biyan diyya ga yaran da maganin ƙwari ya shafa tun suna ciki ta dalilin aikin iyayensu, ba tare da an nemi wanda za a kama da laifi ba. Al'umma ce ta ce: an ci amfanin gonar tare, sai a ɗauki asarar tare.

Ƙaddara da sababi

Akan rufe irin wannan zance da cewa komi ƙaddara ce. Mai imani ba ya jayayya da haka, sai dai ya kamata a lura da lokacin da ake faɗin kalmar. Bayan abu ya faru, ƙaddara sanyi ce ga zuciyar uwa, garkuwa ce kuma daga bakin masu zargi. Kafin ya faru, in aka fake da ita don a ƙi ɗaukar mataki, ta zama mayafin kasala. Manomin da ya yi wa garkarsa shinge don awaki bai ƙaryata ƙaddara ba, babu kuma malamin da ya taɓa ce masa ya cire shingen.

Yaron da aka riga aka haifa da tawaya shi ma yana da nasa haƙƙi, kuma ya fi na kowa gaggawa. Har yanzu akwai gidajen da ake ɓoye irinsa, ana raɗe-raɗin ɗan ruwa ne ko musayar aljanu. Alhali murɗaɗɗiyar ƙafa tana miƙewa in an fara ɗauri da wuri, tsagaggen leɓe yana ɗinkuwa, kuma asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 irin waɗannan ayyuka yake yi. Duk maganar rigakafi da za ta sa a riƙa kallon wannan yaro a matsayin kuskure ta ɓata abin da ta zo gyarawa. Ana kiyaye ciki ne don darajar ɗan Adam, darajar nan kuwa ba ta raguwa da yawan yatsu ko ƙarancinsu.

Rabon malamai da ƙungiyoyi

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da yake na harshe ne. Hausa tana kiran abin da ke warkar da zazzaɓi magani, tana kuma kiran abin da ke kashe ƙwaro magani. Kalma ɗaya ta haɗa su, shi ya sa ba a jin nauyin aje su a taga ɗaya, ko a shafa wa yarinya fiya-fiya a kai don ƙwarƙwata. Takardar da ke jikin kwalba kuwa galibi da Ingilishi take, harshen da ba manomin Guna ba, ko ɗansa da ke makaranta da Faransanci yake karatu. Abin da ya rage mai karantuwa ga kowa shi ne zanen launi da ke gindin takardar: ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Darasi ɗaya ya isa a koya wa aji wannan, ɗan makaranta kuma shi ne mai karanta wa gida.

Ƙungiyoyin al'adu, da masu wasan kwaikwayo, da gidajen rediyon karkara suna da ikon da likita ba shi da shi, wato ikon mai da abu abin kunya ko abin yabo. Kamar yadda ake jin kunyar namijin da ya bar matarsa mai jego ba itace, haka za a iya kai wa ga jin kunyar wanda ya miƙa wa matarsa rigar feshi ta wanke, ko ya aje kwalba a ɗakin kwana ko kusa da rumbu, ko ya mai da jarkar magani ta ɗiban ruwa. Saƙon kuwa ga maza ya fi dacewa a nufa, a majalisa da fada da ƙofar masallaci, tunda su ke saye su ke feshi. Mata kuma a ƙarfafa su ga zuwa awo da wuri da shan ƙwayar ƙarin jini mai folik, wadda amfaninta ga lakar bayan ɗa ya fi yawa in an fara ta tun kafin shigar ciki. Matakin farko dai ba ya cin ko dala: a aji da a dandali, a riƙa kiran abin da ke cikin kwalbar nan guba, domin wanda ya ji an ce guba ba sai an gaya masa inda zai aje ta ba.